Gansakuka, mai mai da dauɗa taki

Ƴan uwa manoma, duk wanda ya zaga tabkunan ƙasar Droum bayan damana ya ga yadda ruwa yake yin tsanwa shar. Wannan ita ce gansakuka. Tsiro ce ƴar mitsitsiya, ba ta da saiwa, ba ta da ganye. Abinda take bukata uku ne: hasken rana, da iskar kabon wadda ke cikin hayaƙi, da dauɗar ruwa.

Mene ne a cikin dauɗar? Akwai azot da fosfor, sinadaran nan da muke saye da tsada cikin buhun takin zamani. Ruwan da ke fita daga mahauta da majema cike yake da su. In aka sake shi haka nan, sai ya ɓata tabki da rijiya.

Tun wajen 1950 masana a Amurka suka gano dabarar sa gansakuka aiki. Ana gina kududdufi mai faɗi, zurfinsa kamar kamu ɗaya, a zuba ruwan masana'anta. Injin yana motsa ruwan don rana ta ratsa shi. Wani wuri har hayaƙin masana'antar ake hurawa ciki. Gansakuka ta tsotse dauɗar, ta hayayyafa cikin ƴan kwanaki. Sai a tace ta, a shanya, ta zama taki. Ruwan kuma ya sami sauƙin ƙazanta. Rana kuwa, Allah ya hore mana ita a Damagaram.

Maƙwabtanmu sun daɗe da sanin amfanin wannan tsiro. A ƙasar Kanem ta Cadi, mata suna kwasar wani irinta daga tabkunan kanwa, su busar, su sa a miya. Suna ce masa dihe, likitoci kuma sipirulin. Fiye da rabinsa abinci ne mai gina jiki.

Amma mu yi hattara, ba kowace gansakuka ake ci ba. Wadda ta tashi cikin ruwan masana'anta tana iya tara gubar ƙarfe, saboda haka sai an auna ta kafin a kai ta gona. Wata kuma da kanta take yin dafi mai kashe dabbobi. In muka ga tabki ya yi kauri kamar an zuba fenti, yana wari, kada mu shayar da bisashe, kada yara su yi wanka ciki. Mu sanar da malamin dabbobi ko na gona. Rigakafi ya fi magani.