Filin Wasa Da Ɗakin Karatu

Da zarar jarrabawa ta gabato, abin da ɗalibi yakan fara yin watsi da shi shi ne filin wasa. Iyaye da yawa kuwa suna goyon bayan haka, don a ganinsu duk lokacin da yaro ya ɓata wajen guje-guje da tsalle-tsalle, daga lokacin karatunsa ya sato shi. Nufina a wannan maƙala shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abin da masana suka gano a kan wannan batu, domin kada mu yi asarar lafiya muna zaton riba muke ci.

Bari in fara da ita kanta ƙwaƙwalwa. A jikin babban mutum nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da muke shaƙa da ƙarfin da muke samu daga abinci. Ta ƙaramin yaro ma ta fi haka ci. Jini ne ke kai mata wannan guzuri, zuciya kuma ita ke tura jinin. Ashe ke nan yaron da ya saba motsa jiki, har zuciyarsa da huhunsa suka yi ƙarfi, ya yi wa ƙwaƙwalwarsa tanadi. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ke kula da adana sabon abin da aka koya. A shekarar 2010 masana a Jami'ar Illinois ta Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 'yan shekara 9 da 10, suka tarar wannan sashe ya fi girma da kusan kashi 12 cikin 100 a wurin yaran da suka fi juriyar gudu, kuma su ne suka fi tuna abin da aka nuna musu.

To, amma mai tunani zai ce, wa ya sani ko yaran nan dama can gidansu ya fi wadata, sun fi cin abinci mai kyau, shi ya sa suka fi lafiya suka kuma fi ƙoƙari? Wannan tambaya tana kan hanya, kuma gwaji ne kaɗai zai amsa ta. A wannan jami'a aka tara yara 221 'yan shekara 7 zuwa 9, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suna wasannin motsa jiki bayan an tashi daga makaranta har wata tara, ɗaya kashin kuwa suna jiran nasu lokacin. Da aka fitar da sakamako a 2014, sai aka ga waɗanda suka yi wasan sun fi samun ci gaba wajen tattara hankali a kan abu ɗaya ba tare da wani abu ya ɗauke musu shi ba, da kuma wajen juyawa daga wani aiki zuwa wani ba tare da ruɗewa ba. Duk wanda ya taɓa zama darasin lissafi bayan azahar ya san darajar waɗannan abubuwa biyu.

Saura maganar lokaci, wadda ita ce ta fi damun iyaye. Tun a shekarun 1970 aka gwada wannan a yankin Trois-Rivières na ƙasar Kanada, da 'yan firamare fiye da 500. Aka ba wasu awa guda ta motsa jiki kowace rana, wato aka rage musu kusan kashi ɗaya cikin bakwai na lokacin zaman aji. Makinsu bai faɗi ba, a wasu azuzuwan ma sun ɗara 'yan'uwansu da suka fi su daɗewa a kan benci. Haka kuma a wata makaranta da ke gefen birnin Malmo na ƙasar Suwidin, daga 1999 aka mayar da darasin motsa jiki na kullum, aka bi yaran har shekara tara. A cikin maza, kashi 96 cikin 100 suka cancanci wucewa babbar sakandare, alhali a cikin waɗanda suka tsaya a kan darasi biyu a mako kashi 83 ne suka samu.

Ban da juriya, akwai abu na biyu, wato gwanintar sarrafa gaɓoɓi: tsayawa da ƙafa ɗaya ba tare da tangaɗi ba, cafe ƙwallo, saurin juyawa, da daidaita ido da hannu. Wani bincike da aka yi a garin Kuopio na ƙasar Finlan, aka buga a 2014, ya nuna cewa 'yan aji ɗaya zuwa uku da ke da rauni a wannan fanni sun fi samun wahalar karatu da lissafi, musamman ma maza. Ba abin mamaki ba ne. Rubutu aikin yatsu ne, karatu kuma sai ido ya bi layi daidai. Yaron da riƙe fensir ke ba shi wahala, rabin hankalinsa yana kan hannunsa, saura rabi ne ya rage wa abin da malam ke faɗa.

A nan ne nake ganin mu ba mu da uzuri, domin wasannin da muka gada cike suke da wannan horo. Mai langa yana koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya. Mai carafke tana jefa dutse sama, ta kwashi na ƙasa, ta cafe na saman, tana kuma ƙirgawa. 'Yar gala-gala da tsallen igiya da gaɗa duk haka suke, kuma babu wanda ke cin ko kwabo a cikinsu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka ƙannenmu na firamare su suka fi bukatar a ƙyale su su yi.

Nawa ne ya isa? A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin minti 60 a rana na motsin da zai sa numfashi ya ƙaru, sannan aƙalla sau uku a mako ya yi mai tsanani wanda zai ƙarfafa tsoka da ƙashi. Ba lalle a yi shi gaba ɗaya ba, tafiya makaranta da sauri a ƙafa ko a keke ma tana cikin lissafi. Abin takaici, wani rahoto na hukumar a 2019, wanda ya ƙunshi ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan awa. A cikin mata kashi 85 ne, a maza 78. Ina roƙon iyaye su dubi wannan bambanci, domin 'yan mata ake fara hana wasa da zarar sun tasa, alhali jarrabawa ɗaya za su zauna da maza.

Sai dai kada wani ɗan'uwana ya ɗauki wannan maƙala ya kai wa mahaifinsa a matsayin lasin yini a filin ƙwallo. Motsa jiki kaftu ne, karatu shi ne shuka, wanda kuwa ya yi kaftu bai shuka ba, ciyawa zai girba. Amfanin wasa ga maki taimako ne kawai, ba ya maye gurbin bita, ko isasshen barci, ko karin kumallo. Yaron da ke jin yunwa ko zazzaɓi, abinci da magani yake bukata kafin gudu. A lokacin bazara kuma a yi wasa da sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa sosai.

Daga ƙarshe, shawarata ga malamanmu ita ce kada a riƙa mayar da darasin motsa jiki lokacin ƙarasa manhaja, kada kuma a mai da hana fita hutu ya zama horo. Ga iyayenmu, a tsara wa yaro lokacin wasa kamar yadda aka tsara masa na karatu, mace da namiji. Mu kuma 'yan ajin ƙarshe, idan kai ya yi nauyi a kan littafi, mu rufe shi mu zaga fili na minti ashirin, sannan mu dawo. Lafiya uwar jiki ce, ƙwaƙwalwa kuwa a cikin jiki take.