BIRI YA YI KAMA DA MUTUM: INA WUTSIYAR ƊAN ADAM TA SHIGA?

Gabatarwa

Hausawa kan ce, "biri ya yi kama da mutum." Duk wanda ya dubi hannun biri da fuskarsa da yadda yake ɓare gyaɗa zai yarda cewa ba a banza aka yi wannan magana ba. Sai dai akwai abu guda da ke raba su nan take, wato wutsiya, wadda wasu ke kira jela ko bindi. Kifi yana da ita, ƙadangare yana da ita, saniya ma da ita take kore ƙuda. To, me ya sa mutum ba shi da ita? A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin kawo bayanin da masana kimiyyar halittu suka yi a kan wannan tambaya. Na zaɓi batun ne domin amsarsu ta yi kama da abin da mu ɗaliban harshe muka saba da shi, wato yadda tsallake sashe ɗaya na rubutu ke sauya ma'anarsa.

Ba Kowane Biri Ke da Wutsiya Ba

A Hausa kalmar "biri" ta haɗa dabbobi da yawa, amma masana sun raba su gida biyu. Gida na farko shi ne na masu wutsiya, kamar jan biri da gwaggon birin da ake gani a Yankari. Gida na biyu kuwa na marasa wutsiya ne, irin su cimfanzi da ke dajin Gashaka Gumti, da gorila da ke tsaunukan jihar Kuros Riba, da orangutan da gibon na nahiyar Asiya. Ta fuskar ginin jiki, a wannan gida na biyu masana suka sanya ɗan Adam. Ba suna nufin birin yau ne ya rikiɗe ya zama mutum ba; abin da suke cewa shi ne tsatson ya haɗu a can da.

Mutane da dama kan ɗauka cewa wutsiya ta ɓace ne saboda mutum ya miƙe yana tafiya da ƙafa biyu. Lissafin shekaru bai goyi bayan haka ba. Masana sun ƙiyasta cewa wutsiya ta ɓace a wannan gida kimanin shekara miliyan 25 da suka wuce. A tsibirin Rusinga da ke tafkin Biktoriya a Kenya, Mary Leakey ta tono ƙoƙon kan wata dabba a 1948, wadda aka daɗe ana kira Proconsul, aka sake mata suna Ekembo a 2015. Ƙasusuwan da aka samu daga baya sun nuna cewa da ƙafa huɗu take tafiya a kan rassan bishiya, amma ba ta da wutsiya. Ita kuwa halittar da ake ganin tana cikin waɗanda suka fara miƙewa tsaye, wato Toumaï da aka gano a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, shekarunta kimanin miliyan 7 ne kacal. Ke nan wutsiya ta riga tafiyar ƙafa biyu ɓacewa da miliyoyin shekaru.

Sauran Wutsiya a Jikinmu

Wani abin mamaki shi ne, kowannenmu ya taɓa yin wutsiya. Ɗan tayi a wajen mako na 5 yana da 'yar ƙaramar jela, sannan jiki ya shanye ta kafin ƙarshen mako na 8. Abin da ke saura shi ne ɗan ƙashin nan na ƙarshen ƙashin baya, mai gaɓoɓi 3 zuwa 5 da suka manne da juna. Harsuna ma sun lura da shi: sunansa na yau da kullum a Turanci yana nufin "ƙashin wutsiya", Larabawa kuma suna ce masa ajbuz-zanab, inda "zanab" ke nufin wutsiya. Ba kuma zaman banza yake yi ba, domin jijiyoyi da tsokar ƙasan ciki a jikinsa suke kamawa, yana kuma tallafar mutum idan ya zauna ya jingina baya.

Rubutun da Aka Tsallake

Kowace halitta tana ɗauke da umarnin gina jikinta a cikin sinadarin da ake kira DNA, wanda za mu iya kwatanta shi da littafi mai haruffa huɗu kawai. Babi-babin littafin su ne ƙwayoyin gado. Tun a 1927 wata masaniya mai suna Nadine Dobrovolskaya-Zavadskaya ta lura da wasu ɓeraye masu guntuwar wutsiya da ke gadar wa 'ya'yansu ita. Ƙwayar gadon da ke jawo haka ita ce a jikin mutum ake kira TBXT.

A watan Fabrairu na 2024, Bo Xia da Itai Yanai da Jef Boeke da abokan aikinsu na Jami'ar New York a Amurka suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Nature. Sun gano wani guntun rubutu mai haruffa kimanin 300, mai suna AluY, da ya kutsa cikin TBXT. Ana samunsa a wannan wuri a jikin mutum da birai marasa wutsiya, babu shi a wajen masu wutsiya. Irin waɗannan guntaye sun haura miliyan ɗaya a littafin ɗan Adam, yawancinsu ba sa yin komai. Abin da ya bambanta wannan shi ne inda ya sauka. Ya tarar da wani ɗan'uwansa a kusa, yana fuskantar akasin inda shi ya fuskanta, kuma sakin layi na 6 na babin yana tsakaninsu. Idan jiki ya zo kwafar babin, sai guntayen biyu su manne da juna, kamar an ninke takarda, layin da ke tsakiya ya ɓuya, a tsallake shi. Ba kowane kwafi ne haka ke samu ba, don haka jiki yana fitar da iri biyu: cikakke da gutsurarre. Da masu binciken suka sa ɓeraye yin irin wannan karatu, sai aka haifi wasu da guntuwar wutsiya, wasu babu ita sam.

Dangane da dalilin yaɗuwar wannan sauyi, masana suna da ra'ayi biyu. Wasu na ganin dabba mai nauyi da ke hawa a hankali tana riƙe rassa da hannu ba ta buƙatar wutsiya don daidaita jiki. Wasu kuma na ganin ya yaɗu ne kawai saboda dabbobin ba su da yawa a lokacin.

Kowane Allazi da Nasa Amanu

Binciken ya nuna wani abu mai tayar da hankali. Wasu daga cikin ɓerayen sun zo da buɗaɗɗiyar laka, wato bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar baya bai rufe ba. Irin wannan lalura tana samun kimanin jariri 1 cikin 1,000, kuma masu binciken sun yi hasashen cewa wataƙila ita ce kuɗin da aka biya na rabuwa da wutsiya. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, shan maganin folik asid kafin ɗaukar ciki da farkonsa yana rage haɗarinta ƙwarai. Haka nan, jefi-jefi akan haifi jariri da wani tsiro mai kama da jela a ƙasan baya. Galibi tsoka ce da kitse, babu ƙashi. Ba alamar maita ba ce. Asibiti za a kai shi a duba lakarsa, a yi masa tiyata.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa a bayanin masana, ɗan Adam bai rasa wutsiya don ya daina amfani da ita ba, kuma babin da ke gina ta yana nan bai goge ba. Yadda ake karanta shi ne ya sauya. Mu da muka san cewa tsawon wasali kaɗai ke raba "gari" na zama da "gari" na tuwo, bai kamata mu yi mamakin yadda haruffa 300 suka sauya surar jiki ba.