Bashin da Michael Jackson Ya Bari a Gaban Alƙali

Lokacin da mawaƙi Michael Jackson ya rasu a Los Angeles ranar 25 ga Yuni, 2009, ana ganin ya bar dukiyar da ba ta ƙirguwa. Amma John Branca da John McClain, waɗanda wasiyyarsa ta ɗora wa kula da dukiyar, sun shaida wa kotu cewa bashin da ke kansa ya haura dala miliyan 500. Takardun neman biya sama da 65 aka shigar.

A jihar Kalifoniya, inda Los Angeles take, mai bin mamaci bashi ba ya zuwa ƙofar magada ya yi sallama. Takarda yake rubutawa, ya faɗi adadin kuɗin da dalilinsu, ya kai wa kotun gado da mai kula da dukiyar. Galibi wata huɗu yake da su, daga ranar da kotu ta naɗa mai kulawar. In aka ƙi amincewa da bashin, kwana 90 ne suka rage masa ya kai ƙara. Dokar tana da tsauri, amma akwai hikima a cikinta: ba a so marayu su shekara goma suna zaman ɗar-ɗar, ba su san abin da ya zama nasu ba.

Wa'adin nan ne ya kayar da Wade Robson, wanda a 2013 ya nemi diyya kan zargin mawaƙin ya ci zarafinsa tun yana yaro. A 2015 alƙali ya ce ya makara, ba tare da ya shiga batun gaskiyar zargin ba.

Quincy Jones, wanda ya tsara faifan Thriller, ya kai kamfanin Jackson ƙara kan haƙƙin waƙoƙi. A 2017 aka yanke hukuncin a biya shi dala miliyan 9.4, amma kotun ɗaukaka ƙara ta zabtare mafi yawansu a 2020. Hukumar haraji ma ta daɗe tana ja kan darajar sunan Jackson da hotonsa, har kotu ta ƙiyasta su a kimanin dala miliyan 4 a 2021.

Bahaushe ya san tushen maganar. A wajen jana'iza akan yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya ga wane, domin a shari'ar Musulunci sai an fitar da kuɗin sutura, an biya bashi, an cika wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba gado. A mazhabar Malikiyya kuma shaidu kaɗai ba sa isa. Tunda mamaci ba shi da bakin musu, alƙali yakan sa mai da'awa ya rantse cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe bashin ba, kafin a taɓa rabon magada.