Jaririn Da Bai Yi Kuka Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin tausasan kalmomin da muke lulluɓe mutuwar jariri da su. Ba kasafai ake cewa ya mutu ba, sai dai a ce "ya koma", ko kuwa "bai zo da rai ba", sa'annan a bi uwa da addu'ar Allah Ya ba da rayayye. Kasancewar nazarin harshe ne fannina, na daɗe ina lura da cewa waɗannan kalamai, duk da ladabin da ke cikinsu, ba su bar wa tambaya ƙofa ba. Wanda aka ce ya koma tamkar baƙo ne da ya leƙo ya juya don kansa, babu mai tambayar abin da ya kore shi. Alhali kuwa da yawa daga cikin jariran nan da ransu suka shiga naƙuda, ƙarancin iska ne ya halaka su a hanya.

Ga yadda abin yake. Ɗan da ke ciki ba ya numfashi da huhunsa, iskar oksijin tana iso masa ne daga jinin uwa ta mabiyiya da igiyar cibiya. Duk lokacin da mara ta murɗa, jinin da ke zuwa gare shi yakan ragu na ɗan lokaci, idan ta lafa sai ya farfaɗo. Lafiyayyen jariri yana jure wannan. Amma idan naƙuda ta yi tsawo, ko kan ɗa ya kasa wuce ƙugun uwa, ko mabiyiya ta saɓule kafin lokacinta, ko cibiya ta rigayi ɗa fitowa ta matse, ko hawan jini ya kai uwa ga jijjiga, to iskar sai ta gaza, kuma ƙwaƙwalwa ce kan gaba wajen jin jiki. Wani ya mutu a ciki, wani ya fito shiru. Wanda ya tsira da rauni yakan ƙi kama nono, ya yi ta fizge-fizge, daga baya a ga wuyansa bai tsaya ba, bai zauna ba, bai yi tafiya ba. Nan ma harshe ya tanadar mana mafaka, sai a ce ai ɗan ruwa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 2.3 ne suka mutu cikin kwana 28 na farkon rayuwarsu a shekarar 2022, kuma matsalolin lokacin haihuwa, ciki har da wannan, suna sahun gaba a cikin musabbabai. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16. Ba sabon labari ba ne. Tun 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya, inda ya nuna cewa mutuwar uwa da ta ɗa ta fi kamari a tsakanin matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. Shekara arba'in ke nan, har yau muna kan wannan karatu.

Me ke kawo jinkirin? A nan ma sai na koma ga kalmomi. Ta farko ita ce kunya. Mai cikin fari takan ɓoye ciwonta, domin an tarbiyyantar da ita cewa raki abin gori ne, sai ta kwana tana murƙususu ita kaɗai a ɗaki, ungozoma kuma a al'ada sai an sauka ake kiran ta yankan cibi. Ta biyu ita ce haƙuri, wanda ake ba mace kwana biyu tana kan gwiwa. Ta uku ita ce izini, inda za a zauna jiran maigidan da ya tafi cin kasuwa. Kunya da haƙuri da biyayya duk kyawawan ɗabi'u ne, amma Bahaushen da ya yaba su shi ne kuma ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka nan imani da ƙaddara bai taɓa hana kowa kai motarsa wurin makanike ba, bai kamata ya hana kai mace asibiti ba. Ƙari a kan wannan, akwai allurar naƙuda da wasu masu kemis ke yi wa mata a gida. Maganin kirki ne a hannun gwani, amma idan aka yi shi babu ma'auni, mara takan murɗa ba hutu, ɗa ya rasa sararin farfaɗowa.

Kaiwa asibiti kuma ba shi ne ƙarshen magana ba. A ƙa'ida, bugun zuciyar ɗan da ke ciki yana tsakanin 110 da 160 a minti ɗaya, kuma wajibi ne ma'aikaciya ta saurare shi aƙalla duk bayan rabin sa'a idan naƙuda ta kankama, da duk bayan minti biyar idan an fara yunƙuri, ta kuma rubuta. Idan faya ta fashe aka ga ruwan ya yi kore, alama ce da ke neman a ƙara sa ido. Ma'aikaciya ɗaya a kan mata goma ba za ta iya wannan ba, kuma wannan nauyi ne na gwamnatocinmu. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Ya rage namu mu bi sawu mu ga ko alƙawarin ya isa ƙauye.

Sai minti ɗaya na farko bayan haihuwa, wanda shi ne ya fi damuna. Kimanin jariri ɗaya cikin goma yana buƙatar taimako kafin ya fara numfashi, kuma shirunsa ba shi ne mutuwarsa ba. Abin yi shi ne a tsane shi da busasshen zane, a goga bayansa, idan bai numfasa ba a ɗora masa murfi a hanci da baki, a riƙa matsa masa iska da 'yar jakar roba kafin minti ɗaya ya cika. Wannan jaka ba ta buƙatar lantarki ko tukunyar oksijin. Riƙe jariri ta ƙafa a juye, ko marinsa, ko watsa masa ruwan sanyi, ɓata lokaci ne da ƙarin illa. A 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da abokan hulɗarta suka fito da shirin koyar da wannan dabara, kuma binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa a asibitoci takwas na Tanzaniya mutuwar jarirai a yinin farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari.

Mu 'yan boko mu ne ake bugo wa waya daga gida idan abu ya faskara. Me zai hana mu riga wayar? Mu tabbatar ƙannenmu da matan 'yan'uwanmu suna zuwa awo, a bar wa mace izinin fita tun ciki yana wata bakwai, a tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini. Naƙudar da ta wuce sa'a 12, ko zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko ɗa ya daina motsi, babu sauran jira. Mu kuma tambayi asibitin garinmu: akwai jakar nan a ɗakin haihuwa, akwai kuma wanda ya iya aiki da ita da tsakar dare?

Daga ƙarshe, ina kira ga likitocinmu da masana Hausa da gidajen rediyo da su haɗu su raɗa wa wannan matsala suna guda da kowa zai gane. Ni dai shawarata ita ce "shaƙewar haihuwa". Ciwon da ke da suna shi ake nema wa magani. Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya mana zuriya.