Ƙwayoyin Bitamin da Garkuwar Jiki a Gaban Mura da Cututtukan Numfashi

Bitamin sinadarai ne da jiki ke buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsu don ya gudanar da aikinsa, kuma yawancinsu daga abinci ake samun su. Guda 13 ne, sun kasu gida biyu. Bitamin C da dangin bitamin B suna narkewa a ruwa, don haka idan suka yi yawa ƙoda kan fitar da rarar ta fitsari. Bitamin A, D, E da K a cikin mai suke narkewa, jiki kuma yana adana su a hanta da kitse har tsawon watanni. Wannan bambanci shi ya sa ake iya ba yaro bitamin A sau biyu kacal a shekara ya wadatar da shi, shi ne kuma ya sa yawan shansa ke da haɗari.

Cututtukan numfashi da ƙwayoyin bairas ke haddasawa sun haɗa da mura ta yau da kullum, wadda ƙwayoyi sama da iri 200 ke kawowa, da mura mai zafi wadda ke zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, da korona, da ƙyanda, wadda ta hanci da maƙogwaro take shiga duk da cewa a fata ake ganin alamarta. Jiki yana tare su mataki-mataki. Akwai majinar da ke lulluɓe hanyar iska tana kama ƙwayoyin, akwai ƙananan gashi masu kaɗa ta zuwa waje, akwai fararen ƙwayoyin jini masu kashe duk ƙwayar halittar da bairas ya shiga, sannan akwai sinadaran kariya da jiki ke ƙerawa don gane cutar idan ta sake dawowa. A lokacin hunturu busasshiyar iska da ƙura kan busar da wannan majina, mutane kuma su cunkushe a ɗaki ƙofa a rufe, shi ya sa tari da atishawa ke yawaita, cinikin bitamin kuma ya buɗe a kemis.

Kowane ɗaya daga waɗannan matakai yana buƙatar bitamin, kuma babu jayayya cewa wanda ya rasa su garkuwarsa kan yi rauni. Inda ake samun ruɗani shi ne a zaci cewa tunda rashi yana raunana garkuwa, to ƙari a kan ƙima zai ƙarfafa ta. Lamarin ya fi kama da baƙin man inji: idan ya ƙare inji zai buga, amma cika shi ya wuce layi ba ya ƙara wa mota gudu. Kusan duk binciken da aka yi a wannan fanni a kan wannan gaɓa yake komawa.

Bitamin C ne ya fi kowanne suna a maganar mura, kuma sunan ya samo asali ne daga mutum ɗaya. A 1970 Linus Pauling, masanin kimiyyar sinadarai ɗan Amurka wanda ya ci kyautar Nobel sau biyu, ya wallafa littafi yana mai cewa shan bitamin C da yawa yana hana mura. Darajar sunansa ta sa jama'a suka karɓi maganar kafin a gwada ta yadda ya kamata. Da aka zo aka gwada, ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 29 da suka ƙunshi mutane sama da 11,000, ta fitar da sakamako a 2013. Masu shan bitamin C kullum suna kamuwa da mura daidai da waɗanda ba sa sha. Abin da ya ragu shi ne tsawon kwanakin ciwon, da kusan kashi 8 cikin ɗari ga manya, kashi 14 ga yara, wato murar mako guda ta ragu da kamar rabin yini zuwa yini ɗaya. Wanda kuwa ya bari sai mura ta kama shi sannan ya fara sha, kamar yadda akasarin mutane ke yi, ba a ga wani tabbataccen amfani gare shi ba. Rukuni ɗaya ne ya fita daban: masu tseren dogon zango da sojojin da ke atisaye cikin tsananin sanyi, waɗanda kamuwarsu ta ragu da kusan rabi.

Babban mutum yana buƙatar miligiram 75 zuwa 90 na bitamin C a rana. Lemun zaƙi ɗaya yana ba da kusan 70, gwaiba ɗaya kuwa ta zarce buƙatar yini gaba ɗaya. Garin 'ya'yan kuka da ɗanyen tattasai su ma suna da shi sosai. Ƙwayar nan mai tafasa a kofin ruwa sau da yawa miligiram 1,000 ce, kuma da zarar abin da ake sha ya haura kamar 200 a rana jini ya kusa ƙoshi, saura ya bi fitsari. Zafi yana lalata wannan bitamin, saboda haka ganyen da ya daɗe a tukunya ya rasa mafi yawansa.

Labarin bitamin D ya fi sarƙaƙiya. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, kuma an gano cewa yana sa ƙwayoyin garkuwa su saki wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta a hanyar numfashi. An kuma lura cewa masu ƙarancinsa a jini sun fi yawan ciwon ƙirji. Sai dai wannan lura ba hujja ba ce, domin tsofaffi da marasa lafiya da ba sa fita rana dama su ne cuta ta fi kamawa. A 2017 Adrian Martineau na Jami'ar Queen Mary da ke Landan da abokan aikinsa suka haɗa gwaje-gwaje 25, suka ga raguwar kamuwa da kusan kashi 12 cikin ɗari. Amfanin ya taru ne a wurin masu tsananin ƙaranci, kuma ga masu shan ɗan kaɗan kullum ko mako-mako. Babban kaso da ake bayarwa lokaci guda bai yi komai ba. Zuwan korona ya ba da damar gwaji mai girma. A Birtaniya an gwada mutane 6,200, a Norway kuma an ba wasu daga cikin mutane sama da 34,000 man hantar kifi a lokacin sanyi. Duka sakamakon biyu sun fito a 2022, kuma babu wanda ya nuna raguwar korona ko sauran cututtukan numfashi.

A ƙasar da rana ba ta yankewa ana iya zaton babu mai rasa bitamin D, amma baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara kafin ta haɗa adadi ɗaya, kuma matan da ke yini a cikin ɗaki da tsofaffin da ba sa fita suna iya rasa shi. Rashinsa kan gwame ƙafafun yara, amma ba kowace gwamewar ƙafa ce rashin bitamin D ba. Binciken da aka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yaran da ƙasusuwansu suka lanƙwashe a can sun fi warkewa da sinadarin kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai.

Bitamin A ba ya samun talla irin ta sauran, alhali shi ne hujjarsa ta fi ƙarfi. Shi ke kula da lafiyar fatar ciki da ta shimfiɗe hanyar numfashi da hanji da ido, ƙyanda kuma tana cinye ajiyarsa cikin 'yan kwanaki. A shekarun 1980 likitan ido Alfred Sommer ya lura a Indonesiya cewa yara masu dundumi sun fi sauran mutuwa, gwajinsa na lardin Aceh kuma ya nuna raguwar mutuwar yara da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 1990 wani gwaji a Cape Town ta Afirka ta Kudu ya nuna cewa ba yaran da aka kwantar saboda ƙyanda bitamin A ya rage mutuwarsu da fiye da rabi. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadi cewa duk yaron da ƙyanda ta kama a ba shi sau biyu, yau da gobe, gwargwadon shekarunsa. A ƙasashen da ƙarancin ya yawaita ana ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 duk bayan wata huɗu zuwa shida: shuɗin kwanso ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya, ja ga waɗanda suka haura. Shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke yanke wa baki su matse a bakin yaro a makon lafiyar uwa da yara. Najeriya ta kuma wajabta sanya bitamin A a man girki da sukari da fulawa tun farkon shekarun 2000. Iyakar amfaninsa ita ce ba ya hana kamuwa da ƙyanda, wannan aikin allurar rigakafi ne, kuma bai nuna tasiri a kan ciwon huhun da ba na ƙyanda ba.

Zinki ma'adini ne, amma ana yawan haɗa shi da bitamin C a kwalba ɗaya. Akwai alamun cewa tsotsa ƙwayarsa da zarar mura ta fara yana iya rage kwanakinta, sai dai hujjar ba ta yi ƙarfi ba, kuma yana kawo tashin zuciya da ɗacin baki. Wanda ake fesawa a hanci ya sa wasu sun daina jin ƙamshi, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2009. Wurin da zinki ya tabbata shi ne gudawar yara, tare da ruwan gishiri da sukari.

Yawan sha yana da nasa illa. Bitamin C fiye da miligiram 2,000 a rana yana kawo gudawa, yana kuma iya taimaka wa tsakuwar ƙoda ga masu saurin yin ta. Bitamin D mai yawa na tsawon lokaci yana tara kalsiyam a jini ya taɓa ƙoda. Bitamin A mai yawa yana lalata hanta, kuma ga mai juna biyu yana iya naƙasa ɗan tayi, don haka jan kwanson yara bai dace da mai ciki ba ko kaɗan. A Finland a 1994 an ga cewa mashaya taba da aka ba ƙwayar sinadarin karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi kamuwa da sankarar huhu. Karotin da ke cikin manja, karas, mangwaro, gwanda da zogale ba shi da wannan matsala.

Waɗanda ƙarin ya dace da su sanannu ne: ƙananan yara, masu tamowa, masu juna biyu da ake ba ƙwayar ƙarin jini da folik asid a wurin awo, tsofaffin da cin abincinsu ya ragu, da wanda gwajin jini ya nuna yana da ƙaranci. Duk kwalbar da za a saya a Najeriya ya kamata ta kasance da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Mura ta yau da kullum kan tafi da kanta cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma magungunan kashe bakteriya irin su amoksisilin ba sa taɓa bairas. Alamun da ke nuna ciwon ya sauka huhu, waɗanda ke buƙatar asibiti nan take, su ne faɗawar ƙirji idan an ja numfashi, kasa shan nono ko ruwa, da saurin numfashi: sau 50 ko fiye a minti ɗaya ga jariri ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ko fiye ga yaro ɗan shekara 1 zuwa 5.