Daga Zongo zuwa Assigamé a kan keke: wace manhajar taswira ce ta dace da sabon mahayi?

Tun shekarar 1977 da hukumomin Togo suka tashi tsohon Zongon Lome daga tsakiyar gari suka mayar da shi Togblékopé, tazarar kusan kilomita 15 ta shiga tsakanin Hausawan birnin da babbar kasuwar Assigamé, inda da yawansu ke neman abinci. Wanda ke biyan kuɗin zemijan zuwa da dawowa kullum ya san abin da hakan ke ci a wata. Shi ya sa keke ke burge ɗalibi da yaron shago. Sai dai sayen keken ba shi ne ƙarshen magana ba, domin hanyar da ta yi wa mai mota daidai tana iya zama hanyar asibiti ga wanda bai daɗe da koyon tuƙi ba.

Manhajar da ke cikin kusan kowace waya ita ce Google Maps, kuma wajen neman shago, banki ko asibiti da suna tana da wuyar kayarwa. A 2019 kamfanin ya ƙara tsarin masu babur a wasu ƙasashen Afirka, har da Togo. Amma babur ba keke ba ne. Lissafin manhajar shi ne isa da wuri, don haka daga Agoè takan ɗora mutum kan babbar hanya ta ɗaya, wadda manyan motocin da ke jigila tsakanin tashar jiragen ruwa da Burkina Faso da Nijar su ma ke bi a arewacin birnin. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: in aka sauke taswirar Google don amfani ba tare da intanet ba, hanyar mota kaɗai take iya tsarawa. Datar Yas ko ta Moov ta ƙare a hanya, to zaɓin ya ƙare tare da ita.

A nan ne Organic Maps da OsmAnd suka sha gaba. Dukansu suna aiki da taswirar OpenStreetMap, wadda masu aikin sa kai ke zanawa tun 2004. Ana sauke taswirar Togo gaba ɗaya sau ɗaya, inda akwai wifi, daga nan sai a yi ta tafiya ko babu data, saboda GPS daga tauraron ɗan Adam yake karɓar saƙo, ba daga kamfanin waya ba. Organic Maps kyauta ce, ba talla, kuma ba ta da ruɗani. Ita ta fi dacewa da mai farawa. OsmAnd ta fi ta tarin maɓallai, har takan gundiri mutum a makon farko, amma tana da abu guda mai daraja a Lome: ana iya ce mata ta kauce wa hanyoyin da ba su da kwalta. Duk wanda ya taɓa shiga lungun yashi da siririyar taya ya san keke ba ya tafiya a ciki, sai dai a sauka a tura. Da damina kuwa, daga Afrilu zuwa Yuli, lungunan nan ruwa ke kwanciya a cikinsu, kuma yankin Togblékopé da ke bakin kogin Zio ya saba da ambaliya.

Sai dai a sani, taswirar iya abin da aka shigar mata ta sani. Titin da ba wanda ya rubuta cewa yashi ne, manhaja na iya ɗaukarsa lafiyayye. Cikin Assigamé ma, inda teburan 'yan atamfa da masu tura kaya suka cinye hanya, taswira za ta nuna titi a buɗe alhali ko mai ƙafa da kyar yake ratsawa. Dabara ita ce a sa alamar isa a wani sanannen wuri na gefen kasuwar, kamar babban cocin Katolika, a sauka a can a ƙarasa da ƙafa. Ya kuma kyautu a gwada sabuwar hanya ranar Lahadi da safe kafin a dogara da ita ranar aiki. Masu tsallakawa Aflao su tuna taswirar Gana daban ake sauke ta.

Strava ta masu motsa jiki ce, tana ƙirga nisa da gudu. Mai amfani da ita ya ɓoye mafarin tafiyarsa a saituna, kada ya tallata wa ɓarawon keke ƙofar gidansa.

Batun na'urori gajere ne. Kwamfutocin keke irin su Garmin da Wahoo suna da ƙarko, amma wasu sun fi keken gwanjo tsada, kuma mai zuwa kasuwa ba ya buƙatarsu. Mariƙin waya da ake ɗaurawa a kan keke yana da araha, illarsa uku: ranar Lome na sa waya ta yi zafi har allon ya dushe, batir na saurin ƙarewa, sannan wayar na a fili ga mai fizge a cunkoson Dékon. Ya fi a haddace hanya tun daga gida, a sa wayar a aljihu, a bar muryar manhaja ta yi jagora ta kunne ɗaya, ɗayan a bar shi don jin hon. In an rikice, a tsaya gefen dama a duba. Kuɗin da suka rage kuwa su tafi ga hular kwano, fitilar gaba da jar fitilar baya, domin a Lome magariba na yi wajen ƙarfe shida, daidai lokacin da ake tashi daga kasuwa.