Gure: tsohon keken ɗinki tsakanin tela da mai awon ƙarfe

A Turai da Amurka ana tara tsofaffin kekunan ɗinki masu aiki da lantarki, a goge su a jera a ɗaki kamar jeren amarya. A Gure, cikin jihar Damagaram, irin waɗannan kekuna har yanzu suna ciyar da gidaje. Sai dai da yawa daga cikinsu sun kwanta a lungun ɗaki, kuma mai sayen tsohon ƙarfe ya fi mai gyara saurin zuwa ƙofar gida.

Idan watan azumi ya raba tsakiya, ba mai kwanciya da wuri a rumfunan telolin Gure. Shadda da atamfa da yadin kaftani sun taru tuli, kowane mai kaya an yi masa alkawarin jajibiri, ga wuta kuma tana ɗaukewa ba sallama. A irin wannan dare ne ake gane bambancin keke da keke. Wanda ya dogara ga sabon keke na roba, mai maɓallai da fitila, sai ya naɗe hannu ya jira NIGELEC. Wanda kuwa ya gaji baƙin kan keke na ƙarfe, sai ya zare ɗan bel ɗin injin lantarki, ya mayar da igiyar fata bisa babban zoben da ke ƙarƙashin tebur, ya kunna tocila, ya ci gaba da taka feda. Kafin maƙwabcinsa ya gama tsaki ya haɗa hannun riga.

Gure tana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Damagaram ta nufi Diffa, kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, tsakanin duwatsun Muniyo da tuddan rairayi. A ƙarshen shekara ta 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdul Karim, ya yada zango a garin kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, zamanin Sarkin Muniyo Koso. A lokacin duk rigar da ke jikin mutum da hannu aka ɗinka ta. Shekara guda kafin wannan ziyara, wato a 1851, wani Ba'amurke mai suna Isaac Singer ya karɓi takardar mallakar kekensa na ɗinki. Ba shi ne na farko ba. Tun a 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera nasa, har ya buɗe ma'aikata a birnin Pari mai kekuna wajen 80 don ɗinka kakin soja. A 1831 ƴan'uwansa teloli suka afka wa wurin suka farfasa kekunan, don tsoron kada a raba su da abincinsu. Mutumin ya mutu matalauci. Singer kuwa ya iya kasuwa, kamfaninsa ya riƙa ba da keke a biya sannu a hankali, shi ya sa sunansa ne ya cika duniya.

Keken ya shigo ƙasar nan ta hanyoyi da dama: kantunan Turawa na zamanin mulkin mallaka, alhazai masu dawowa daga Makka, fatake masu zuwa Kano, da ƴan ci-rani. Har yau a Abijan akwai teloli masu yawo da kan keke bisa kafaɗa suna kaɗa almakashi, ana ce musu toklo-toklo, kuma akwai ƴan Nijar cikinsu. Wasu sun komo gida da kan keken da ya yi musu shekaru yana hidima a titi, suka nema masa ƙafa suka kafa rumfa.

Akasarin baƙaƙen kawunan nan zuriya ɗaya ne. Kakansu shi ne samfurin da kamfanin Singer ya fitar a 1879, wanda daga baya aka sani da lamba 15. Alamarsa ba ta ɓuya: abin matse zaren sama yana gefen hagu, a fuskar keken, ba a gaban mai ɗinki ba. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antun Japan sun kwaikwaye shi kusan ƙusa da ƙusa, haka nan Butterfly na Shangai da Usha na Indiya. A nan ne asirin tsawon ransa yake. Allura ɗaya ce, kwarkwaro ɗaya ne, ƙoshiya ɗaya ce, don haka kayan gyaran da aka ƙera bara a ƙasar Sin sau da yawa suna shiga kan keken da aka zuba tun kafin ƴancin kai. Tela na Gure da ƙoshiyarsa ta lalace ba ya bukatar wasiƙa zuwa Turai, abin da yake bukata shi ne mai mota da zai biya masa kasuwar Dole a Damagaram.

Mai son sanin asalin kekensa sai ya dubi harafin da ke bin lambar samfurin. Harafin K yana nufin ma'aikatar Clydebank, kusa da Glasgow a ƙasar Sikotilan, wadda ta rufe a 1980. Harafin B yana nufin ma'aikatar Bonnières, a bakin kogin Sen a Faransa, wadda ta rufe a 1986. Akwai kuma wata doguwar lamba da aka buga a gindin keken ta dama. Kamfanin ya ajiye rajistar waɗannan lambobi, masu sha'awa sun zuba ta a intanet, ta yadda da wayar hannu kaɗai mutum zai iya gano shekarar da aka ƙera keken mahaifiyarsa. Sunan da aka rubuta da ruwan zinariya a jikin keke ba hujja ba ne, domin fenti ba ya da wuya.

Masu tarawa da masu nema

Kamfanin Singer ya fitar da kekensa na farko mai lantarki a 1889. Wanda masu tarawa suka fi so shi ne ɗan ƙaramin nan mai lamba 221, da ake wa laƙabi da Featherweight, wanda aka fara nunawa a baje kolin Shikago a 1933. Nauyinsa kilo 5 ne kacal, yana da akwatinsa. Sai kuma mai lamba 201, wanda da yawa ke ɗauka shi ne mafi kyawun ɗinki cikin duk abin da kamfanin ya ƙera don gida. A Ingila an kafa ƙungiyar masu tara kekunan ɗinki, ISMACS, a 1985, kuma hukumomin Clydebank sun adana tarin kekuna da takardun ma'aikatar da ta rufe.

A Gure ba a tara keke don kallo. Wanda aka gani da kawuna uku ko huɗu a rumfa, ɗaya na ɗinkinsa ne, ɗaya na yaro mai koyo, sauran kuma ana cire musu kaya ana raya na farkon. Abin da Bature ke kira sha'awa, a nan jari ne. Shi ya sa ma'aunin Bature ba zai yi wa ɗan kasuwar Gure amfani ba wajen zaɓe. Akwai tsofaffin kekuna masu kyau ƙwarai, kamar 15-91 da 201-2, da aka manne musu injin lantarki a jiki yana juya su da haƙoran ƙarfe, babu bel. A birnin da wuta ba ta yankewa, sarakuna ne. A garin da take yankewa, ko a ƙauyen da ba ta taɓa zuwa ba, nauyi ne kawai bisa tebur. Wanda ya dace da ƙasar nan shi ne mai injin da aka ɗaura a baya da ƙusa guda, bel ya haɗa shi da zoben hannu. Shi ne mai rai biyu: in akwai wuta ya yi gudu, in babu ya koma ƙafa ko hannu.

An ga amfanin haka a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar saboda takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa, kuma sai a watan Maris na 2024 aka maido da shi. Cikin watannin nan manyan kekunan zamani da na surfani a Damagaram da Maraɗi sun sha hutun dole, sai mai janareta da kuɗin mai. Baƙin kai bai san an yi ba. Tsofaffin teloli suna tuna makamancin haka a watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Sabon keke ya gagari talaka, aka shiga tono tsofaffi daga ƙarƙashin gado.

Gyaran irin wannan keke ba ya bukatar digiri, haƙuri yake so. Babban abokin gabarsa a Muniyo ba tsatsa ba ce, tunda ƙasar busasshiya ce. Rairayi ne da ƙurar hunturu. Suna shiga ta ramukan mai, su gauraya da tsohon man da ya daskare, su zama kamar ƙullun da ke cin ƙarfe a hankali. Mafi muni shi ne keken da aka shayar da man gyaɗa ko baƙin man mota don tsimi: man gyaɗa yana bushewa ya zama ƙaro, keken ya ƙage kamar an yi masa walda. Maganinsa kananzir ne, a ɗiga a kowace gaɓa, a bar shi ya kwana, a motsa zoben kaɗan kaɗan ba da ƙarfi ba, a goge, a sake, wani lokaci har mako guda. In ya saki, sai a bi shi da farin man keke, ɗigo ɗaya a kowane rami. Guduma ba ta da aiki a nan. Yawancin kekunan da aka ce sun mutu datti ne ya riƙe su, sa'an nan gaggawar mai gyara ta ƙarasa su.

Ɓangaren lantarki ne ke bukatar tsoro. Robar da ta lulluɓe wayoyin shekaru sittin ta bushe ta tsage, jikin keken kuma ƙarfe ne, tela kuma sau da yawa ƙafarsa ba takalmi bisa siminti. Kada a soka tsohon keke a wuta sai an canja wayoyinsa duka, daga filogi har abin takawa. Sa'an nan a karanta ɗan allon da ke jikin injin. Kekunan da aka ƙera don Amurka na wuta 110 ne, ta Nijar kuwa 220 ce. In aka haɗa su babu taransifoma, hayaƙi ne zai biyo baya. Injin da ke tartsatsi ko ya rasa ƙarfi, sau da yawa ƴan guntayen gawayin nan biyu da ke cikinsa ne suka cinye, kuma canja su aikin mai gyaran fanka ne. In injin ya ƙone sarai, ba a yi asarar keke ba, domin ana sayar da sababbi da ke hawa gurbin tsohon.

Abu guda ne kawai ba na kowa ba: daidaita lokacin da bakin ƙoshiya ke kama zare a bayan allura. Tazarar ba ta kai kaurin farce ba. In ta kauce, keke ya riƙa tsallake ɗinki yana tsinka zare, mai shi ya yi ta zagin allura alhali kuwa ba laifinta ba ne. Masu wannan sani tsofaffi ne, a hannu da kunne suka koya, ba a lakkal ba. Samari sun fi karkata ga gyaran waya da babur, kuma ba a ga laifinsu, can kuɗin yake. Amma cibiyoyin koyar da sana'a da ke yaye ƴan mata da samari da takardar ɗinki, da ma ƙungiyoyin agaji masu raba kekuna ga mata a gaban kyamara, ya kamata su tambayi kansu wa zai gyara keken bayan shekara biyu. Rabon keke ba tare da mai gyara ba, kamar ba mutum raƙumi ne a hana shi akala.

Ana cikin haka masu sayen tsohon ƙarfe suna zagaya unguwanni da kura da ma'auni. Kan keke ya haura kilo 10, ƙafarsa ta zubi ta fi haka, kuma a wurin mai awo duk ɗaya suke da fasasshiyar tukunya. Ba a ƙera irin waɗannan a Clydebank ko a Bonnières kuma, wanda aka narkar ya tafi ke nan. Abin takaicin shi ne sau da yawa daga gidajen masu hali suke fita. Ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki daga Gure zuwa Tanut ko Magarya, yana rage kaya don su shiga mota, sai ya dubi keken da uwargida ta daina takawa tun da yara suka girma, ya ce a kira mai kura. Magada su ma haka, wajen rabon gado a kan lissafa akuya a manta da keke. Alhali kuwa a bayan gidan akwai bazawara mai ƴaƴa huɗu wadda wannan keken zai iya saya wa hatsi daga kaka zuwa kaka, da ɗinkin kayan yara da faci da ɗaurin bakin zane, tana zaune cikin gidanta.

Ga ɗan kasuwa kuma akwai ƙofa a buɗe. Kan keken da aka saya da kuɗin awo, aka jiƙa shi da kananzir, aka sa masa ƙoshiya da sabon inji, yana da masu nema a kasuwannin mako irin na Gidigir da Subdu, inda mai saye ba ya tambayar maɓallai, abin da yake tambaya shi ne ko yana huda yadi ninki huɗu. Gwajin ma a gabansa ake yi: a ninka ƙyallen shadda, a ɗinka layi ɗaya da wuta, a zare bel a ɗinka na biyu da ƙafa, sa'an nan a juya ƙyallen a duba bayansa. In zaren sama da na ƙasa sun ƙulle a tsakiyar yadin, ba madauki ba tattara, sai a shiga ciniki. Igiyar fatar ma ba sai an yi odarta daga waje ba, dukawan Damagaram suna iya yanka ta daga kirgin sa, a huda bakinta biyu a haɗa da ɗan guntun waya.